Iyakar Ikon Kaka

Talata, 24 ga Satumba

Mace ce! Basma, matar ɗana Talal, ta sauka lafiya bayan azahar. Ya kira ni ina shago yana ta zuba Larabci, sai da na ce masa, kai, yi min Hausa, kunnena ya tsufa. Ya ce, "Baba, ka yi jika!" Na bar wa maƙwabci tasbahohi da kwalaben turare, na kama hanyar Masallacin Harami da ƙafa tun daga unguwarmu Misfala. Sai da na zo cire takalmi na ga ashe tun daga gida ware-ware na sako, ɗaya nawa, ɗaya na matata Hajara. Na yi raka'a biyu, na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Jikata ta fari, bayan dogon jira. Suna kuwa ba abin tunani ba ne. Safara'u, sunan mahaifiyata da ke kwance a garinmu Kabo.

Laraba, 25 ga Satumba

Na gan ta. Kunnuwan namu ne, babu tambaya. Hajara ta miƙo min ita ta ce, ga amaryarka nan, sai ka fara rina gemu. Jaririyar ta riƙe min ɗan yatsa ta ƙi saki.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na raba dabino a wurin shan shayinmu. Ba mu gama barka ba abokina Mukhtaru ya ja mu cikin siyasar gida, kamar kullum. Nan ƙasar baƙi ne mu, ba ma tsoma baki, amma Nijeriya tamu ce, muna da ikon ɓata murya a kanta. Wai shi a ganinsa mutum ɗaya mai ƙarfi ƙasar ke buƙata, a ajiye tsarin mulki a gefe, ya yanka wa shinkafa farashi, ya gaya wa manomi abin da zai shuka, kowa ya bi.

Na ce masa a'a. Ina da gemu na shiga makarantar dare a Kabo, lokacin da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula. Malaminmu ya zana da'ira a allo, ya rubuta "gwamnati" a ciki, ya sa mu karanta baƙi-baƙi. Ya ce tsarin mulki shi ne wannan zanen, kuma mai mulki aka kewaye da shi, talaka yana waje yana harkarsa. Aikin gwamnati tsaro, shari'a, hanya. Ta tsaya a ƙofar gida. Abin da mutum zai shuka, da yadda zai tarbiyyantar da 'ya'yansa, nasa ne. Ko mai mulkin na kirki ne, ya tsaya, domin wanda zai gaje shi ba ka san shi ba.

Mukhtaru ya ce, "Ji mai kishin ƙasa! Rabonka da Kano tun ana kiran waya a gidan waya." Aka yi dariya. Na ce fasfona kore ne, har Jidda nake zuwa in sabunta shi da ciwon gwiwa. Son ƙasa daban, son gwamnati daban. Ƙasa ita ce mutanenta da kaburburan iyayenka da sunayen da suka bar maka. Na ce su jira ranar suna su ji.

Juma'a, 27 ga Satumba

Bari in rubuta.

Bayan masallaci muna cin abinci a gidan Talal a unguwar Aziziyya, na ce masa ya sanar da malam sunan Safara'u. Ya ajiye cokali. Ya ce tun a asibiti, da ya yi mata kiran salla a kunne, ya yi mata huɗuba da Shaima. Shi da Basma sun daɗe da zaɓa.

Ba tare da ya tambaye ni ba! A wurinmu uba yakan zo wurin nasa uban ya durƙusa ya ce, Baba, wane suna? Haka aka yi min, haka aka yi wa ubana. Na gaya masa haka.

Ya ce, "Ya abuya, a nan za ta yi makaranta. Yara ba za su iya faɗin Safara'u ba, dariya za su yi mata. Ni na san abin da na sha." Na ce sunan uwata ne abin dariya? Ya ce wallahi ba haka yake nufi ba. Na ce to, halas, shi ke nan, ku yi sunanku, ni ba da ni ba, ragon ma ku nema. Na fito ban gama cin abincin ba.

Yaron nan bai taɓa taka Nijeriya ba. In sunan ma ya tafi, me ya rage?

Asabar, 28 ga Satumba

Ban je ganinta ba. Ciniki babu daɗi.

Lahadi, 29 ga Satumba

Hajara ta kawo min kunu ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam, shekara da shekaru kana cika mana kunne wai gwamnati ta tsaya a ƙofar gida. Kai ga ka har uwar ɗakan Talal da takalminka." Na ce kaka ba gwamnati ba ne. Ta ce, "Haka kowane mai mulki yake cewa, shi uba ne." Ta ɗauke kofin tun ban gama ba.

Matar nan ba ta yi makarantar dare ba, amma ta iya ajiye magana inda take ciwo.

Na yini ina juya abin. Al'ada ma doka ce, ta girmi takarda, kuma ni mutum ne da ba ya son a rushe abin da aka gada don kawai an ga sabo. Wannan ina nan a kai. Amma a addini, na sani sarai, haƙƙin raɗa suna na uba ne. Al'adar da nake riƙo da ita ta ce ɗa ya zo ya tambaya, ba ta ce kaka ya ƙwace ba. Bai tambaya ba, ya yi kuskure. Ni kuma... Da'irar malaminmu na makarantar dare ce ta yi ta dawo min, sai na ga sunana a ciki.

To mene ne nawa? Addu'a. Rago. In gaya mata inda ta fito.

Litinin, 30 ga Satumba

Na je kasuwar dabbobi. Don na riga na yi alkawari ne tun tana ciki, ba don komai ba. Na zaɓi fari mai ƙiba. Talal ya kira, ban ɗauka ba, sai na tura masa hoton ragon.

Talata, 1 ga Oktoba

An yi suna bayan asuba. Ranar 'yancin Nijeriya ce, na sa koriyar hulata, Mukhtaru ya ce na yi kama da tuta.

Falo ya cika. Da malam ya gama addu'a sai ya juyo wurina, ni ne babba, ya ce, "Alhaji, wane suna?" Haka ake yi. Da na ce Safara'u a gaban jama'a, da sunan ya zauna, Talal ba zai musa min ba, na sani, shi ma ya sani. Ya sunkuyar da kai. Sunan uwata yana bakina, har na ji ɗanɗanonsa.

Na ce, "Ba hurumina ba ne. Ga ubanta nan."

Talal ya ɗago ya dube ni. Ya ce Shaima, aka shafa fatiha. Da mutane suka ragu ya zo ya durƙusa ya sumbaci kaina, ya ce da Hausarsa mai gargada, "Baba, ka yafe, ya kamata na tambaya." Na ce masa ya je ya duba mahauci kada ya ɓata fatar.

Mukhtaru ya raɗa min, wai yau ya ga shugaban da ya sauka da kansa. Na ce ya sha shayinsa.

Aka kawo min ita. Na ce, ranar Talata kika zo, a garinmu Talatu ake ce wa irinki, wannan kuwa laƙabi ne, hurumin kaka, babu mai hana ni. Basma ta gwada faɗa, ta yi dariya, ta sake faɗa. Na gaya wa yarinyar akwai wani gari Kabo, akwai wata mata Safara'u mai irin kunnuwanta. Sauran sai ta girma.

Ban canza ra'ayi ba. Safara'u ya fi daɗi. Amma ɗazu da zan rufe shago na ji bakina yana gwada ɗayan, wanda ubanta ya zaɓa, a hankali, don kada in yi mata kuskure gobe.