Ruwan Baƙi a Hannun Gwaggo Dansi

Kwatano, 9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Mahunyon,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan, ya sa tekun Gabon ya ci gaba da cika muku koma da kifi. Mu nan lafiya lau, ni ce dai raina ba daɗi, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa.

Ka san iyayen saurayin 'yata Bidosesi sun zo daga Abijan ganin mu. Tun farko na ce musu mu 'yan Kwatano ne gaba da baya, don ina kunyar a ji a kan ruwa aka haife ni, cikin ƙarnin kifi. Ranar Asabar uwar yaron, Madam Ajuwa, ta kafe sai an kai su Ganbiye, wai ba ta komawa ba ta ga garin kan ruwa ba. Na ƙwama baƙin tabarau, muka hau jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido daga Kalabi. Mai jirgi yana yi mini bayanin garinmu, ni kuma ina ta gyaɗa kai, har da su "Ikon Allah!" Aka zaga da mu kasuwar kwale-kwale, aka sauke mu gidan abinci, muka ci agidin nan namu, akasa, da soyayyen kifi. Makaɗa suka saki kiɗa, Madam Ajuwa har da taka rawa.

Muna cikin haka sai ga kwale-kwalen Gwaggo Dansi, ta kawo kifi gidan abincin. Yaya, matar da ta goye ni bayan rasuwar Inna! Ta hango ni, fuskarta ta washe, ta ɗaga hannu. Ni kuwa na kau da kai ina latsa waya.

Ba ta kira sunana ba. Ta buɗe jarkarta, ruwan da ka san sai ta tuƙa har famfo take samo shi, ta cika ƙwarya ta hawo. Ta ba baƙina, sannan ta durƙusa da tsufanta ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa. Sha, kin sha hanya. In kin koma a gaida mutanen garinku." Ka san a gidanmu baƙo ake miƙa wa ruwa, ɗan gida da kansa yake ɗiba. Na karɓa na kurɓa. Madam Ajuwa sai yabo take, wai mutanen nan akwai tarbiyya, har ta jera ni da Gwaggo ta ɗauke mu hoto.

A hanyar komawa ta nuna mini hoton tana dariya, wai in duba, hancinmu ɗaya da tsohuwar nan. Nan na fashe da kuka, na faɗa musu gaskiya. Da muka iso Kalabi, Madam Ajuwa ta ce ba su zan ba haƙuri ba, Gwaggo zan ba.

Yaya, Gwaggo tana jin maganarka, don Allah ka kira ta. Ranar Lahadi zan je wurinta da Bidosesi, a kwale-kwalen kasuwa. Ko Gwaggo ta zage ni, ko ta kore ni ma, na cancanta. Abu ɗaya nake roƙo: in na shiga, kada ta miƙo mini ruwa, ta bar ni in ɗiba da kaina.

Ka gaida matarka Senami, da su Kojo da Sedami. Bidosesi tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Hwefa, 'yar Ganbiye