Littafin Injin da Na Bari a Kaduna

Ƙanena Sule,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Hajiya da jikoki? Ni jikin sai a hankali, mai leƙo ni ma babu.

Gidan adana jiragen yaƙi na kusa da garin Sterling, inda nake zaune a nan ƙasar waje, ya samo irin jirgin da na yi wa kanikanci a Kaduna. Takardun injinsa sun ɓata, an rasa mai haɗa shi. Da ma'aikatan gidan suka kai ni gabansa, komai ya kwance min.

Don Allah buɗe akwatina na ƙarfe, ka aiko baƙin littafin da na rubuta aikin injin a cikinsa. Idan an naɗe ƙosai da shi, kada ka ɓoye min.

A gaida kowa. Ku roƙa min Allah in ji ƙarar injin nan kafin in tafi.

Yayanka,
Garba