Motar da Ta Zo a Lalace

Damagaram, watan Rajab

Zuwa ga Malam, tafintan Gwamna a Yamai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya zafin bakin kogi? Mu nan Birni lafiya lau. Inno mahaifiyarka tana sa maka albarka.

Saƙonka ya iso ta hannun Nomau. Ƙaramin ɗanmu Usman ya karɓi abin busarsa na gwangwani, tun ranar ba wanda ya sake barcin rana a unguwa. Maƙwabta suna gaishe ka.

Saura babban. Ka rubuta "na yara", kamar kullum, ka aiko abin ɗan shekara biyar. Na sani ɗan fari ne. Ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, ko a takardar nan ba zan kira ba. Amma mun iya kunyar nan ƙwarai, har yaron ya gaskata mu. Shekararsa goma sha biyu. Ya dubi abin, ya miƙa wa ƙanensa, ya fita. Daga baya ya gaya wa Inno wai tunda ba a tunawa da shi, zai bi ayarin Buzaye zuwa Agadas bayan Salla. Har ya yi magana da madugu.

Ba ka san shi yanzu ba. Tun da kamiyon soja ya fara shigowa gari, ba shi da aiki sai ƙera mota da karan dawa, har da ƙafafu masu juyawa. Ya kwance kwaɗon akwatina don ya ga cikinsa. Ban ce ka rubuta sunansa ba, kada duniya ta tashi. Ka dai nemo abin da in ya gani zai san nasa ne.

Allah ya sada mu da alheri.
Matarka, Wasila

Damagaram, watan Shawwal

Malam,

Barka da Salla. Ina fatan ka sha ruwa lafiya.

Nomau ya kawo 'yar motar wasan nan ta ƙarfe. Da na ga makullinta yana juyawa a banza, na ce to, Malam ya tsinto abin da ɗan Kumandan ya yar. Sai na karanta takardarka: "Ta lalace. A ba duk wanda zai iya da ita a gidan." Gidan da ke da tsohuwa, da ni, da mai busa. Ashe ba banza Nasara suka riƙe ka tafinta ba.

Na ajiye ta a kan turmi. Ya wuce ta sau da yawa kamar bai gani ba, sannan ta ɓace tare da allurata. Ya kai wa maƙeran Zango wayar da ta tsinke a ciki, ya tsaya a kansu har suka haɗa ta. Ayarin ya tashi ranar Laraba. An gaya masa yana zaure, bai ɗaga kai ba.

Jiya motar ta ratsa tsakar gida, ta tarwatsa kaji, ta daki ƙafar Inno. Inno ta ce ta saki wannan miji nata, ya ce dama bai taɓa sonta ba. Na daɗe ban ji dariyarsa ba.

A ƙasan nan akwai rubutun da ba nawa ba. Ya hana ni karantawa, yana tsaye a kaina har in naɗe.

Matarka, Wasila

Baba, ta tashi. Ka aiko wata wadda ta fi wannan lalacewa.
Suma'ila