Keken Wibin Ya Cinye Ɗinkin Gwaggo

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kwana huɗu ke nan ko abinci ba ya yi mini daɗi.

Ni tela ce a Dutsin-Ma. Gwaggona da ke Kurfi, yayar babanmu, ita ta fara riƙa mini allura tun ban iya ɗaura zane ba. Shekara biyu tana tara ƙyallayen tsofaffin rigunan sanyi, masu laushin nan na gwanjo, tana haɗa su da hannu, wai bargo za ta yi wa jikarta Nana Fatima da za ta shiga jami'a. Yanzu idonta ya yi rauni, ko zare ba ta iya zurawa. Sai ta aiko mini da shi, ta ce in ƙarasa mata layi biyun da suka rage.

Anti, da na shimfiɗa shi sai na ga ɗinkin ya karkace, wani wurin ya tattare, zaren ma kala-kala. Ga ni kuma da sabon keken wibin, irin mai yanke baki yana ɗinkewa. Na ce bari in gyara layi ɗaya. Wallahi daɗin aikin ne ya ja ni, na yi ta bi har na gama da bargon duka. Sai da na zo shara na ga zaren Gwaggo zube a ƙasa, wuƙar keken ta yanke shi tas. Bargo ya yi kyau kamar na kanti, amma babu ɗinkinta ko ɗaya a jiki. Nan na zauna na yi ta kuka.

Ranar Juma'a za ni Kurfi. Ƙanwata ta ce in yi shiru, tunda ba ta gani sosai. To ni na san Gwaggo, da yatsa take duba ɗinki. In ɓoye ne, ko in ce mata me?

Taki, Mai Sabon Keke.

Wa'alaikumus salam 'yata. Share hawayenki. Ba mugunta kika yi ba, karambani ne, kuma duk wanda ya taɓa sayen sabon keke ya san wannan ƙaiƙayin hannun. Amma fa layi biyu aka ce miki. Irin yadin nan ma ba ya zarewa, bai nemi wibin ba. Karkacewar da ta tsone miki ido, wahalar Gwaggo ce ta shekara biyu.

Shawarar ƙanwarki ki ajiye ta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In Gwaggo ta shafa ta gane da kanta, ciwon zai zama biyu: an cire aikinta, an kuma raina mata ido. Ki faɗa mata tun bargon yana hannunki. In ta yi faɗa ki sunkuyar da kai, ta isa.

Sannan ki tuna, ita ta zaɓi ƙyallayen, ita ta jera su, wannan kam keken bai yanke shi ba. Ki tafi da babbar allura da dogon ƙyalle na kewaye baki. Ki zura mata zare, ki zauna kusa da ita, ta kewaye bakin bargon da hannunta, ko da zai ci Juma'a uku. In ya karkace, ki kame hannunki.

Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya, ya ba Nana Fatima sa'ar karatu. Keken kuwa, ki bar shi a Dutsin-Ma.