Hannun Rigar da Kika Bar Mini da Fil Uku

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, 'yar telata mai yatsun zinariya, wadda ƙarar kekenta ta fi mini kowane kiɗa daɗi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu mai cika alkawari. Ki ajiye almakashi, ki ɗage ƙafa daga kan keke, ki gyara zama, domin labarin da ke cikin takardar nan ba a jin sa a tsaye. Mun gama! Wata uku, ƙasa huɗu, coci-coci har na daina ƙirgawa, jiya zumuntar matasanmu ta rera waƙarta ta ƙarshe a ƙasar mutane. Jibi war haka, in Allah ya yarda, ƙafata tana kan ƙasarmu. Ina rubuta miki ne da safiyar nan a ɗakin ajiya na bayan coci, zaune a kan akwatin ganguna, 'yan matan ƙungiya na can suna kokawa da jakunkunan da suka ƙi rufuwa. Ina gamawa zan ɗauki hoton takardar in turo miki ta waya, don zumuɗina ya fi jirgi sauri.

Kin tuna ranar da na zo shagonki karɓar rigata? Riguna ashirin da uku kika ɗinka mana, shuɗaye kamar sama bayan an ɗauke ruwa, kowacce a goge a ninke. Tawa kaɗai kika bar hannun hagu ba ki kalmashe ba, kika maƙale shi da fil uku. Na ce, “Haba ranki ya daɗe, haka zan shiga duniya?” Ko kai ba ki ɗago ba kika ce, “In ka dawo na ƙarasa.” Muryarki tana wasa, amma idonki ba ya wasa, kuma na san dalili. Shekara huɗu ke nan da Yayanki, makaɗin ƙungiya kafin ni, wanda ya koya mini riƙon sandar kiɗa, ya tafi irin wannan tafiya, ya sulale ana gobe za a dawo. Tun daga ranar Baba ya bar bencin gaba a coci ya koma na baya. Da na je rumfarsa ta gyaran agogo na ɗan taɓo maganarmu, ko gilashin da ke manne a idonsa bai cire ba. Ya ce, “Ɗana, in maciji ya sari mutum, ko baƙin tsumma ya gani gudu yake yi. Makaɗi ɗaya ya bar ni da jiran jirgi, ba zan ba wani 'yata ya bar ta da shi ba. Ku je ku dawo a ƙirga ku, sannan mu yi magana.”

Wayyo, fil ɗin nan naki! Wace irin muguwar ƙauna ce wannan, ke 'yar nan? Duk lokacin da na ɗaga hagu zan sauke a kan ganga, sai ɗaya ya soke ni a wuyan hannu. Jama'a na tsalle suna ɗaga hannuwa, suna cewa dubi yadda Ruhu ya sauko wa makaɗin nan har yana hawaye, ba su san rabin hawayen aikinki ba ne. Mai jan baitinmu ta ce in kawo ta ɗinke mini a minti biyu. Na ce Allah ya sawwaƙe, hannun da ya fara shi zai ƙarasa. Na ga tekun da ba shi da ƙarshe, na ga duwatsu sanye da farar ƙanƙara, na ga furannin da ban san sunansu ba, amma wanne ne a cikinsu ya taɓa hararata da zare a baki? Wanne ne ya iya yin dariya da ido kafin baki ya sani? Ke ce ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, ke ce iskar da ke shigowa in an buɗe taga. Kewarki ta cinye ni har bel ɗina ya nemi sabon rami.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma an gwada ni. A ƙasa ta uku, shugaban mawaƙan wata ƙatuwar coci ya ja ni gefe ya ce in zauna, akwai ɗaki, akwai aiki, takardu ma za a san yadda za a yi. Raina ya biya, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ɗaga hannu zan sosa ƙeya, sai fil ya yi aikinsa. Na yi masa godiya, na ce ina da ɗinki a wajen tela. Matar Fasto kuwa, wadda muke kira Mama, ba ta san an yi ba. Ita dai a ƙofar kowace mota sai ta tsaya tana dafa kawunanmu ɗaya bayan ɗaya, ba ta numfasawa sai ta kai ashirin da uku.

To yanzu ki riƙe kujerarki, ki kuma gafarta mini ɓoyon da na yi miki na mako uku, tsoro nake kada in sa miki rai abin ya fasa. Ranar Lahadin farko a garin nan, muna tsakiyar yabo, na hango wani mutum a bakin ƙofa cikin rigar masu wankin mota, ya ja hula har gira. Bai zauna ba, bai tafa ba, amma yatsunsa na bin kiɗan a jikin ƙofar, suna gaba da ni da taku guda. Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan hannun. Ana tashi na bar ganguna na bi shi a guje har bakin titi. Ya juyo, ya rame, gemu ya cika masa fuska, ya dube ni ya ce, “Kai yaro, har yanzu hagunka na latti.”

Na miƙa masa hannun rigar don ya ga dalili, na ce aikin ƙanwarsa ne. Ya shafa ɗinkin kafaɗa, ya juya cikin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Ashe auta ta zama tela.” Sai ya zauna a gefen titi ya fashe da kuka, ƙato guda, motoci na wucewa. Ba daɗi ne ya riƙe shi ba, masoyiyata, kunya ce. Ya ce da wane ido zai kalli Baba? Na gaya masa abin da na gani da idona: agogonsa na nan rataye a ƙusa a rumfa, Baba na murɗa shi kowace safiya don kada ya tsaya, kuma duk wanda ya taya sai ya ce ba na sayarwa ba ne.

Fasto ya yi ta sintiri da shi ofishin jakadancinmu, mu kuma muka duƙufa da addu'a da azumi. Jiya takardar tafiyarsa ta fito! A sujadar ƙarshe na ba shi sanduna na koma gefe, ya yi kiɗan da har tsofaffi suka jefar da sandunan dogarawa. Ɗazu Mama ta jera mu don gwajin ƙirga. Ta kai ashirin da uku, ta dafa kai na gaba, bakinta ya kasa furta lambar, sai ta ɓarke da waƙa. Wa ya isa ya yi wannan in ba Allah ba? Wa ya taɓa jin an tafi da garke an dawo da ƙari?

Roƙona biyu ne, hasken raina. Na farko, ki zo filin jirgi da allura da shuɗin zare, don ba zan ƙara taku ɗaya da fil ɗin nan ba, a tsaye a nan za ki kalmashe, duniya na kallo. Ni kuma na yi miki alkawari a gaban Ubangiji, daga ranar ba inda ganga za ta sake kai ni da zan kasa dawowa bakin shagonki.

Na biyu, ki je rumfa yanzu, ki jira Baba ya cire gilashin daga idonsa, ki ce makaɗin nan yana gaisuwa, ya ce a zo a ƙirga su. Ki ce masa ya taho da agogon da ke kan ƙusa, mai shi yana son sanin lokaci.

Naki jiya, naki jibi, naki har ranar da hannuwan nan biyu za su daina kiɗa,

Makaɗinki mai lattin hagu