Baban Rahila ya sake ɗaukar jita

Asabar da dare, Catford

Har yanzu kunnuwana ƙara suke yi, barci ya ƙi zuwa.

Yau na ga maigidana a kan dandamali, karo na farko cikin shekara goma sha bakwai. Tun da ƙungiyar kiɗansu ta watse, shi da Turawan nan uku abokan karatunsa, jitarsa ke ƙarƙashin gado. Da aka ce su sake haɗuwa, sati biyu ya yi yana cewa ya tsufa.

Ɗan ƙaramin zaure ne a Tottenham, cike da masu furfura da tumbi. A waƙar farko yatsunsa suka ƙage, ya ɓata kiɗan, ya tsaya cak. Na san halinsa, in ya sauka a haka ba zai ƙara taɓa jita ba. Sai mawaƙinsu, wanda faɗan da suka yi da shi ne ya raba ƙungiyar, ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya ce a sake daga farko.

Ana tsakiyar waƙa ta uku, 'yarmu Rahila, wadda kullum da Turanci take amsa mana, ta hau kujera ta ƙwala ihu: "Babana ne! Babana ne wancan!"

Ya ji ta. Daga nan bai sake kuskure ba.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa muna dawowa ya ce a hankali, "Maman Rahila, ban ba ki kunya ba ko?"

Sai na riƙe yatsunsa. Duk sun yi bororo.