Kyautar Baƙo Daga Matan Tsafe

Abuja

Godiya tawa,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya Mama da ciwon ƙafarta? Ki ce mata 'yarta ta Nahuce tana gaishe ta, kuma har yau ban ci gwaten da ya kama ƙafar nata ba. Na yi ta kiranki ba ya shiga. Na san kina Tsafe wurin matanki, inda sai an hau tudu ake samun sabis, shi ya sa na ba direba wannan takarda ya ajiye miki a shagon yayanki Victor.

Albishirinki. An sa ni cikin kwamitin da ke shirya tarbar wani babban baƙo, shugaban wata ƙasa da muke ƙawance da ita. An hana mu faɗin suna tukuna. Mutum ne mai son zane-zane da aikin hannu, an ce gidansa ya cika da su. Namu shugaban ya ce ya gaji da ba da takobi da jakar fata, yana son abin da zai miƙa da hannunsa baƙon ya tsaya ya kalla. Sai na tuna da hotunan da kika turo mini na ƙyallen nan da kuke ɗinkawa, ke da matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu na bayan Kucheri. Na nuna a taro. Godiya, shi suka zaɓa.

Tun muna firamare a Gusau kike cika bayan littattafaina da zane, ni ake duka. Yau ga shi aikinki zai tsaya a gaban shugabanni biyu, matan nan kuma duniya za ta san da zamansu. Ki yi musu magana. In sun yarda, ni da kaina zan zo in ɗauka.

Taki har kullum,
Halimatu Sadiya

Gusau

Sadiya,

Takardarki ta iso, mun gode Allah da kina lafiya. Mama ta ji saƙonki ta yi dariya, ta ce mai son gwate ba ya aiko da gaisuwa a bakin direba.

Bari in gyara miki abu ɗaya kafin komai: ƙyallen nan ba aikina ba ne. Ni dai na sayi saƙin, na zana musu layi da alli, allura da zare nasu ne. Kin san wuyar da na sha kafin su sake da ni. Da farko daga bakin zaure ake sallamata, ana cewa ga malamar coci ta zo. Inna Uwani, babbarsu, ita ta fara shimfiɗa mini tabarma, yanzu kuwa ɗiyata take kirana.

A hoto ba za ki gane yadda yake ba. Sama ƙauyen ne kamar yadda suka baro shi: rumbuna, gero ya yi kai, tsamiyar bakin rijiya, shanu suna dawowa. Ƙasa kuma, kamar faɗin kamu guda, an ɗinke shi da baƙin zare. Nan kowacce ta sa wanda aka kashe mata. Ba su yarda a yi fuskar mutum ba, sai abin da aka san shi da shi. Juwairiyya ta ɗinka malafar mijinta. Huseina ta sa takalmin ƙanenta ƙafa ɗaya, don ƙafa ɗayan aka tsinta. Inna Uwani ta ɗinka rediyon ɗanta Hamidu, wanda yake ratayawa a wuyan san noma in yana huɗa. Ta warware shi ta sake ba adadi, wai eriyar ba ta lanƙwashe yadda ta Hamidu take ba.

Da na karanta musu wasiƙarki, Juwairiyya ta tashi ta fita. Ta ce mijinta ba kayan ado ba ne da za a rataye a falon wani. An daɗe ana ja. Can Inna Uwani ta tambaye ni, "Shi baƙon nan yana da 'ya'ya?"

Na ce ina kyautata zaton yana da su.

Ta ce, "To a kai mishi. Wanda ya haifa in ya ga rediyon nan zai tambaya."

Da haka suka yarda, har Juwairiyya daga baya. Sharaɗinsu shi ne ya tafi a yadda yake, kuma a gaya wa baƙon ko su wa suka ɗinka da abin da baƙin zaren yake nufi. Na ce musu ke 'yar gida ce, a ɗakin uwata kika yi karatun sakandare, gado ɗaya muka kwana. Na ce in kin ce to, ni ce na ce. Ki zo ki faɗa musu da bakinki.

Ubangiji ya kawo ki lafiya.

'Yar uwarki,
Godiya Istifanus

Abuja

Godiya tawa,

Na iso lafiya, ƙyalle ma ya iso lafiya. Ki yi mini godiya wurin Inna Uwani, ƙullin daddawar da ta cusa mini a jaka har ofis ya biyo ni da ƙamshi. Tuwon da suka yi mini na san daga bakinsu suka rage.

Ranar Laraba baƙo zai sauka, za a nuna miƙa kyautar a labaran yamma. Aiki ya yi mini yawa, in kin kira ban ɗauka ba kada ki damu. A gaida Mama.

Taki,
Sadiya

Tsafe

Zuwa ga Malama Godiya,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina hwatan kina lahiya ke da mahaihiyarki. Ni Uwani ce. Da hannuna nike rubutun ga, ki yi haƙuri da karkacewarshi, karatun yaƙi da jahilci ne.

Ran Laraba mun taru gidan Hajiya Maryam mai talabijin. Kowa ta yi wanka ta sa tuhwahinta na kirki, kamar mu za a nuna. Juwairiyya ta zo da ɗiyanta su ga malahwar ubansu. Munka ga manya sun tsaya, anka yaye mayahi, ga ƙyallenmu cikin katako mai walƙiya. Munka ga tsamiya, munka ga rumbuna. Ni ina ta jiran a sauko ƙasa, ashe ƙasan ke nan. Daga ƙahwar shanu sai katako.

Mai bayani yac ce wagga kyauta aikin shahararriyar mai zane ce Godiya Istifanus, tana nuna zaman lahiya da albarkar noma a karkararmu. Baƙon yay yi murmushi, yad dahwa ƙirji, anka tahwa. Ɗiyar Juwairiyya ƙarama tana ta tambaya ina hular Baba. Munka tashi ɗaya bayan ɗaya, ko sallama ba mu yi wa mai gida ba.

Malama, ranar da anka kashe Hamidu ban samu gawarshi ba, maza sunka rufe shi tare da sauran cikin gaggawa muna gudu. Ban san kabarinshi ba. Rediyon ga da niɗ ɗinka, nan nike zuwa in gaishe shi. Na ba ki shi don kin ce za a tambaya.

Mutane suna hwaɗin maganganu a kanki, wasu har suna jawo addininki ciki. Na hana a gabana, amma ba ni da abin da zan ce musu. Sunanki munka ji, ba mu ji na kowa ba. Matan sun maido allurai da sauran zare, suna nan ɗakina. In kin aiko a ba ɗan aike.

Allah shi ba kowa haƙuri.

Uwani

Gusau

Sadiya,

Ina gaisuwa. Tun ranar Laraba nake kiranki, wayar tana ƙara har ta gaji. Ga takardar Inna Uwani nan na haɗo miki, ki karanta da kanki, ni ba zan iya maimaitawa ba.

A shagon Victor na kalla. Mutane suna ta taya ni murna, wani har ya ɗaga hannuna sama. Na shige bayan kantar shagon na ɓuya.

Na san a irin wurin aikinki akwai waɗanda suka fi ƙarfinki. Na gaya wa kaina an yi ne a bayan idonki, kina jin kunyar ɗaukar waya. In haka ne ki faɗa, zan je Tsafe in durƙusa a madadinmu duka. Amma ki gaya mini wa ya sa almakashi a ƙyallen nan, wa ya cire sunayensu ya sa nawa, kuma ina ɓangaren da aka yanke.

Ina jiran amsa ta hannun direban nan.

Godiya

Abuja

Godiya tawa,

Na karanta taki, na karanta ta Inna Uwani, na yi kuka. Ina roƙonki ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Baƙon nan ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba. Ya zo sa hannu ne a kan yarjejeniyar madatsun ruwa da noman rani, kuma jiharmu tana ciki. Mutanensa dama suna ɗari-ɗari da turo ma'aikatansu yankinmu. Ki ɗauka ke ce, a tsakiyar wannan magana a miƙa miki takalmin wanda aka kashe. Tun ranar da na nuna hotunan a taro shugaban kwamiti ya ɗora yatsa a kan baƙin zaren ya ce ban da wannan. Ya ce kyauta tsakanin shugabanni ba wurin kai ƙara ba ne. Ko a rage, ko a ɗauki wani abu daga wata jiha. Na yi ta fatan in sun gan shi ido da ido za su sauya ra'ayi. Ba su sauya ba.

Ni na yanke. Ban yarda wani tela ya taɓa shi ba, na bi layin a hankali, ko zare ɗaya bai warware ba. Yana nan a naɗe cikin durowata, zan aiko da shi duk lokacin da kika ce. Sunayen kuwa, an ce in an ambaci 'yan gudun hijira dole a yi bayanin abin da suka guje wa, shi ya sa na ba da naki. Na ga gara naki da a ce ba a san mai shi ba.

Kada ki manta ni ma 'yar Nahuce ce. Gonar kawuna ta nesa da gari ta koma saura, ba mai iya zuwa. In ruwan nan ya zo, matan nan ne za su ci moriyarsa, ko sun yafe mini ko ba su yafe ba.

Akwai kuma labari mai daɗi. Baƙon ya so ƙyallen ƙwarai, ya ce a ofishinsa zai rataye shi. Ya gayyaci mai zanen zuwa baje kolin da za a yi a ƙasarsu. Godiya, in kin je can ai bakinki naki ne, ki faɗi abin da kike so. Ki turo mini fasfonki.

Taki, ko kina fushi,
Sadiya

Gusau

Hajiya Halimatu Sadiya,

Bayan gaisuwa. Na karanta har ƙarshe kamar yadda kika roƙa. Kin ce tun ranar da kika nuna hotunan aka ce ban da ƙasan. Wato kin sani kafin ki rubuto mini albishir. Kin sani lokacin da kika zauna a tabarmar Inna Uwani, ta riƙe hannunki, kika ce mata zai tafi a yadda yake. Da kin faɗa mana gaskiya, wataƙila da sun yarda da kansu saboda ruwan. Ba ki tambaye su ba.

Jiya na je Tsafe na karanta musu wasiƙarki. Inna Uwani ta saurara, ta ce ta ji, ba ni na yanke ba. Sannan ta ce, "Amma ke kika kawo ta." A tsaye muka yi magana, a bakin zaure.

Ki aiko da ɓangaren nan kai tsaye zuwa gare ta, kada ya biyo ta hannuna. Ba zan turo fasfo ba.

Ban gaya wa Mama komai ba, har yanzu tana nuna wa maƙwabta hoton tana cewa aikin 'ya'yanta biyu ne. In kin zo Gusau ki je ki gaishe ta, za ta ji daɗi. Ki sanar da Victor ranar, don in san ba na gida.

Ki huta lafiya.

Godiya Istifanus